Karya Layi a Rubutun da Ake Adana Tarihin Gyaransa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin 'yan'uwa malamai ga wani al'amari da ake rainawa, wato inda layi yake ƙarewa a rubutun kwamfuta. Mun ci karo da matsalar ne sa'ad da muke shirya littafin karatu a kan bikin kamun kifi na Argungu, ɗayanmu a Argungu, ɗaya kuma a Birnin Kebbi. Mun yi amfani da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don adana tarihin kowane gyara.

2.0 Tushen Matsalar

Git layi-layi take kwatanta tsohon rubutu da sabo. Ba ta san jimla ba, balle sakin layi. Manhajojin rubutu kuwa hanya biyu suke bi. Ta farko ita ce karya layi da zarar ya kai wani adadin haruffa, galibi ƙasa da 80, adadin da aka gada daga katin IBM na 1928. Alal misali, da muka ƙara "a shekarar 1934" a jimlar farko, muka sake daidaita sakin layin, sai kalmomi suka yi ta gangarawa, Git ta nuna kamar an sake dukkan layukan. Abokin aikinmu ya rasa gane abin da aka taɓa.

Hanya ta biyu ita ce barin sakin layi ya zama dogon layi guda, allo kawai yake naɗe shi. A nan, idan mutum biyu suka gyara jimloli daban-daban a sakin layi ɗaya, Git za ta ce sun yi karo, sai an warware da hannu. Wurin warwarewar nan ne gyaran wani yakan salwanta ba a sani ba.

3.0 Mafita

A ganinmu, abin da ya fi dacewa shi ne kowace jimla ta fara a sabon layi, shawarar da Brian Kernighan ya bayar tun 1974. Wannan ba ya ɓata bugu, domin LaTeX da Markdown suna ɗaukar karyar layi guda tamkar tazara ce tsakanin kalmomi. Mai amfani da Vim sai ya mayar da textwidth sifili, ya kunna wrap da linebreak. Mai Emacs kuwa ya kashe auto-fill-mode, ya kunna visual-line-mode. Ba mu ce karo zai ƙare ƙaƙaf ba, don kuwa gyara a layuka biyu masu maƙwabtaka ma yakan jawo shi.

Tsohon rubutu fa? A mayar da shi wannan tsari a zama ɗaya, a adana, ba tare da canza ko harafi ba, sannan a ci gaba da gyara. Kafin nan, umarnin git diff --word-diff zai nuna bambancin kalma-kalma.