Gargaɗi ga iyaye da ɗalibai: kada ku ba dillalin digirin Kwatano ko sisi

Iyaye da masu neman gurbin karatu, a yi hattara. Duk lokacin da sakamakon JAMB ya fito, yara da yawa suka rasa gurbi, dillalan digiri ke fitowa kasuwa. Za ka gan su a WhatsApp da Facebook, wasu har gida suke zuwa da sallama, sun san sunan yaro, sun san makin da ya ci. Tayinsu ɗaya ne: digiri daga Kwatano ko Lome cikin shekara ɗaya ko ƙasa da haka, ba JAMB, ba yajin aiki, sannan yaro ya tafi bautar ƙasa. Wanda ya zo maka da wannan magana, komai kusancinku, ka riƙe kuɗinka.

A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sayi digirin aikin jarida daga wata makaranta mai suna ESGT a Kwatano cikin mako shida. Bai taɓa zama a aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, bai ma tsallaka iyaka ba, amma an buga masa hatimin shige da fice a fasfo kamar ya je ya dawo. Da wannan kwalin ya shiga bautar ƙasa, alhali ya riga ya yi ta a baya. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya sama da 22,500 ne ke yawo da takardun jabu daga ƙasashen biyu, waɗanda aka karɓa tsakanin 2019 da 2023. Jami'o'i 8 kacal gwamnati ta ce ta amince da su, 5 a Benin, 3 a Togo, irin su Jami'ar Abomey-Calavi da ta Parakou da ta Lome da ta Kara. An kuma ba da umarnin a zaƙulo ma'aikatan gwamnati masu riƙe da irin waɗannan takardu a sallame su.

Ku lura da wanda abin ya faɗa wa. Dillali ya ci kuɗinsa, ya canza lambar waya. Uban da ya sayar da gona ko shanu shi aka bari da takarda, yaron da ya samu aiki da ita shi ake kira ofis. Har waɗanda suka je da gaske suka zauna shekara uku ko huɗu a makarantun kuɗi na can, suna biyan haya da sefa, wutar ta shafe su, domin sunan makarantarsu ba ya cikin jerin. Waɗannan su ne abin tausayi, kuma saboda irinsu nake wannan kira.

Na san abin da ke tura mutane. A 2020 jami'o'in gwamnati sun shafe kusan wata tara a rufe saboda yajin aikin ASUU, a 2022 kuma wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Kuɗin rajista ya ninka a jami'o'i da dama. Ga ma'aikacin da ya daɗe a mataki ɗaya don ba shi da digiri, yana kallon na bayansa suna wuce shi. Gwamnatin da ta bar jami'o'inta a haka tana da nata kason na laifi, haka jami'an da suka riƙa buga hatimi suna karɓar na goro. Sai dai ranar tantancewa ba wanda zai saurari wannan uzuri, takardar kawai za a duba.

Abin kuma bai tsaya a tsallaken iyaka ba. A cikin gida akwai masu kama shago ko hayar ajin firamare ranar Asabar, su kafa allo da sunan reshen wata jami'ar waje. Hukumar NUC ta sha fitar da jerin irin waɗannan haramtattun wurare. Akwai kuma gurbin bayan fage a jami'a ta gaskiya, wanda bai bi ta tsarin CAPS da JAMB ta fara aiki da shi a 2017 ba. Yaro zai gama karatu lafiya, sai an zo tura sunaye bautar ƙasa a tarar JAMB ba ta san da shi ba.

Kafin ka biya komai, duba sunan makarantar a shafin NUC, ka kuma tabbatar kwas ɗin kansa yana da amincewa. In kwalejin kimiyya da fasaha ce, NBTE za a tambaya; in ta horar da malamai ce, NCCE. Makarantar waje kuwa, a rubuta wa Ma'aikatar Ilimi a Abuja a karɓi amsa a rubuce. Ɗalibi ya shiga shafin JAMB da kansa ya ga gurbinsa, ya fitar da takardar. Wanda ya ce a tura kuɗin makaranta asusunsa na kansa, ko ya nemi a ba shi fasfon yaro ya kai a buga hatimi, a yanke hulɗa da shi nan take. Wanda kuma ya riga ya biya, ya adana rasit da saƙonnin waya ya kai ƙara ICPC, kada ya kuskura ya miƙa takardar a wurin neman aiki.