Hukuncin Dokokin da Gwamnati Take Sa wa Masu Binciken Kimiyya

Tambaya:

Ni ɗalibi ne a fannin gwaje-gwajen asibiti, ina shekarar ƙarshe. Binciken da zan yi yana buƙatar in ɗebi jinin wasu yara marasa lafiya. An ce mini ba zan fara ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ni takardar izini, kuma sai iyayen kowane yaro sun amince sun sa hannu. Takardar tana ɗaukar watanni kafin ta fito, lokaci kuma yana ƙure mini. Wani abokina ya ce waɗannan dokokin Turawa ne, Musulunci bai sa wa ilmi takunkumi ba, in fara aikina kawai, daga baya in cike takardun da kaina. Shin gwamnati tana da ikon taƙaita bincike a shari'a? Kuma ina da laifi idan na bi shawararsa?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata. Amsar a taƙaice ita ce: hukuma tana da ikon tsara bincike da sa masa sharuɗɗa domin kare rayuka da mutuncin mutane, bin waɗannan sharuɗɗa wajibi ne a kanka, kuma abin da abokinka ya ba ka shawara haramun ne. Sai dai ikon hukuma yana da iyaka. Ga bayani dalla-dalla.

Na farko: asalin bincike halal ne

Abokinka ya yi gaskiya a gefe ɗaya. Malamai, irin su Imamu Gazali, sun lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, wato idan al'umma ta rasa masu yin sa duka sun yi laifi. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, neman wannan magani kuwa ba ya yiwuwa sai da bincike da gwaji.

Inda ya kuskure shi ne rashin bambancewa tsakanin sanin abu da hanyar da aka bi aka san shi. Ba wanda ya hana ka sanin abin da ke cikin jini. Amma jinin da za ka ɗiba yana jikin ɗan wani ne, kuma Allah ya bayyana a Suratul Isra'i, aya ta 70, cewa ya karrama 'yan Adam. Kyawun manufa ba ya halatta taɓa jikin mutum ba da izininsa ba.

Na biyu: dalilan ikon hukuma

Allah ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 59, da yi wa majiɓinta al'amari ɗa'a. Malamai sun bayyana cewa shugaba yana iya taƙaita abin da asalinsa halal ne idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, kamar dokokin tuƙi da lasisin sayar da magani. Ƙa'idar fiƙihu ta tabbatar da cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa yana rataye ne da maslaharsu. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, shi ne tushen wannan babi.

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin likitanci alhali ba a san shi da shi ba. Imamu Abu Hanifa, duk da ba ya ganin a hana baligi mai hankali sarrafa dukiyarsa ko da yana almubazzaranci, an ruwaito ya halatta a hana mutum uku sana'arsu saboda cutarsu tana shafar jama'a: jahilin likita, da muftin da ke koya wa mutane dabarun kauce wa shari'a, da mai hayar dabbobin sufuri wanda ya tsiyace amma yana karɓar kuɗin mutane.

Tarihi ma ya nuna Musulmi sun yi aiki da wannan. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931 Miladiyya, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren likita. Halifa Muƙtadir ya ba da umarni kada wani likita ya sake duba kowa sai babban likita Sinanu ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi takarda. Masu tarihi sun ambaci cewa waɗanda aka jarraba sun haura 860. Littattafan hisba kuma suna da babuka a kan yadda muhtasibi zai sa ido ga likitoci da masu ƙaho da masu haɗa magani. Saboda haka tsarin neman izini ba baƙon abu ne a wurinmu ba.

Game da yardar majinyaci, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa a rashin lafiyarsa ta ajali, an ɗura wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magani ta gefen baki bayan ya yi nunin kada a yi. Da ya samu sauƙi sai ya ce a ɗura wa duk wanda ya halarci abin, ban da baffansa Abbas wanda ba ya wurin. Idan iyalan gida masu neman lafiyarsa ba a bar su ba, ina ga mai bincike da amfanin aikin zai koma gare shi?

Na uku: abin da ya haifar da waɗannan dokoki

Kusan kowace doka a wannan fanni an kafa ta ne bayan an cutar da wasu. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ƙa'ida ta farko a cikinsu ita ce yardar wanda za a yi gwajin a kansa. A 1964 ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar da sanarwar Helsinki a kan haka. A garin Tuskegee na Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta ƙasar ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere don a ga yadda cutar ke cin jiki, ba a gaya musu gaskiya ba, ba a kuma ba su magani ba ko bayan an samu penisilin.

Ba ma sai mun je nesa ba. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewacin Nijeriya ta kashe dubban mutane. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, an ba rabinsu Trovan, rabin kuma wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓɓai. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya samu yardarsu da baki, kuma cutar ce ta jawo mace-macen. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa ya kammala rahoto a 2001 cewa gwajin bai bi ƙa'ida ba, kuma ya bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne daga baya aka sa mata tsohon kwanan wata. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ka lura, ɗan'uwa, cike takarda daga baya shi ne ainihin abin da ake ba ka shawara ka yi. Ɓarnarsa kuma ba ta tsaya ga waɗannan yara ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashe da dama kafin a shawo kanta. Mai binciken da ya ci amana yana rufe ƙofar magani ga waɗanda bai taɓa gani ba. Wannan ne ma'anar misalin da ya zo a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a Buhari, na mutanen jirgin ruwa da na ƙasa suka so huda rabonsu: in an ƙyale su kowa ya nutse, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira.

A yau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin gwajin magunguna a Nijeriya. Akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa shi. Kwamitin da kake jira reshe ne na wannan tsari. Aikinsa ya duba yawan jinin da za a ɗiba daga yaro, da ko haɗarin ya dace da amfanin, da yadda za a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, da yadda za a ɓoye sirrin majinyaci.

Na huɗu: binciken da ake hanawa gaba ɗaya

Wani binciken ba sharaɗi ake sa masa ba, rufe shi ake yi. Bayan an sanar a 1997 da tunkiyar nan Dolly da aka kwafo daga ƙwayar halittar wata tunkiya a Sikotland, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a wannan shekarar. Ta haramta kwafar ɗan Adam, ta halatta amfani da fasahar a tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu cikin iyakokin shari'a, ta kuma yi kira ga gwamnatoci su kafa dokar da za ta hana a mai da ƙasashen Musulmi filin irin wannan gwaji. Wato malamai da kansu ne suka nemi hukuma ta sa doka. A ƙasar Sin ma, masanin nan He Jiankui da ya sauya ƙwayoyin gadon wasu tagwaye tun kafin a dasa su a mahaifa, ya sanar a 2018, kotu ta ɗaure shi shekara 3 a 2019.

Na biyar: iyakar ikon hukuma

Ɗa'a ga shugaba a cikin abin da yake ma'arufi ne. Hukuma tana da ikon tsara yadda za a yi bincike, amma ba ta da ikon yanke abin da sakamakon zai kasance, ko tilasta wa masani ya faɗi abin da ya san ƙarya ne, ko ya ɓoye haɗarin da ya gano. A Tarayyar Sobiyet gwamnati ta goyi bayan ra'ayin Trofim Lysenko a kan noma, ta haramta koyar da ilmin gadon halitta a 1948. Masanin tsirrai Nikolai Vavilov da ya saɓa masa ya mutu a kurkuku a 1943, noman ƙasar kuma ya sha asara. A tarihinmu, Halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai aƙidar halittar Alƙur'ani a shekara ta 218, aka yi wa Imamu Ahmad bulala a zamanin Mu'utasim. An kuma ruwaito cewa halifan Abbasiyya ya so ɗora wa kowa bin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya ƙi.

Don haka doka tana zama abin bi idan ta cika sharuɗɗa: a gina ta a kan maslaha ta gaskiya ba son zuciyar mai mulki ba, a tsara ta da shawarar masana fannin, kamar yadda Suratun Nahli, aya ta 43, ta yi umarni da tambayar ma'abota sani, takurawar ta zo daidai da girman haɗarin, a zartar da ita a kan babban kamfani kamar yadda ake zartarwa a kan ɗalibi, kuma kada ta umarci saɓon Allah. Ma'aikacin da ya riƙe takardar ɗalibi don sakaci ko don neman na goro ya ci amana, kuma zai amsa tambaya gaban Allah. Amma sakacinsa ba ya halatta maka jinin yaran mutane.

Na shida: abin da ya wajaba a kanka

Kada ka ɗebi jinin kowa sai izini ya fito. Ka je wurin malamin da ke duba aikinka ka gaya masa halin da kake ciki, ya bi maka takardar, ko a ƙara maka lokaci, ko a sauya maka batu zuwa wanda ba ya buƙatar sabon jini. Idan izini ya fito, ka yi wa kowane waliyyi bayani a fili: wannan bincike ne ba magani ba, ga abin da za a ɗiba, ga abin da za a yi da shi, kuma ƙin yarda ba zai rage wa ɗansa kulawa ba. Wanda ya ƙi, ka ƙyale shi.

Sa hannu a madadin iyaye ko mayar da kwanan wata baya ƙarya ce da shaidar zur, wadda ke cikin manyan zunubai. Ƙirƙirar sakamako ha'inci ne, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai ha'inci. Idan wani yaro ya cutu a aikin da aka yi ba da izini ba, lamuninsa yana wuyanka ko da ka iya aikin, domin ka taɓa abin da ba a ba ka dama ba. Jinkirin 'yan watanni ya fi sauƙi a kan wannan. Ka kuma yi wa abokinka nasiha da taushi, wataƙila rashin sani ne.

Allah ya ba ka ilmi mai amfani, ya sa ka zama sanadin warakar bayinsa.

Allah ne mafi sani.