Kafin Ka Miƙa Motarka a Goge Ta da Samfefar Ruwa

Birnin Ƙonni gari ne da mota ke ciyar da gidaje da yawa. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta cikinsa ta ratsa. A Tsarnawa hanyar Tawa ta rabu ta bi ta Badagishiri, a kudu kuma ƴan kilomita kaɗan ne tsakaninsa da Illelar Najeriya da hanyar Sakkwato. Shekara da shekaru motocin kwatano da suka shigo ta Gaya kan yada zango a nan kafin su tsallaka Najeriya. Harkar ta sauya tun da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, ta ƙara sauyawa bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Abin da bai sauya ba shi ne mota mai ƙyalli ta fi saurin samun mai saye, kuma dillali ya san haka, mai fenti ma ya sani.

Shi ya sa aikin goge fenti da samfefar ruwa, a bi da injin folish, yake samun kasuwa. Mota ta dusashe, ko ta cika da ƙananan ƙarce, sai mai gyara ya ce: «Alhaji, bar min ita zuwa la'asar, ba za ka gane ta ba.» Kuma sau da yawa ba ƙarya ya yi ba. Abin da ba kasafai ake gaya wa mai mota ba shi ne daga ina ƙyallin ya fito. Samfefa ba ta cike ramin ƙarce. Kankare abin da ke kewaye da ramin take yi har ya sauko daidai da gindinsa. Ita kuma ta bar nata siraran layukan, sai folish ya sake cin wani abu kafin ya shafe su. Duk sheƙin da ka gani, da naman fentinka aka biya shi.

To nawa ne naman? Fentin yawancin motocin zamani hawa huɗu ne: na hana tsatsa a jikin ƙarfe, sai shimfiɗa, sai launi, sai wani mai garai-garai a sama, wanda masu fenti na wannan gefe ke kira barni, na tsallaken iyaka su ce kiliya. Duka huɗun idan an haɗa, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Takardar da ake buga wasiƙa a ofis wajen maikiron 100 ce. Barnin kansa bai cika wuce 40 zuwa 50 ba, wato rabin kaurin takarda. A kan wannan rabin takardar ake ɗora samfefa da inji.

Kuma barnin nan shi ne garkuwar motar. Sinadarin da ke tare hasken rana mai ƙona launi a cikin barni yake, shi ya sa masana fenti ke gargaɗin kada abin da za a cire a duk tsawon rayuwar mota ya wuce kwata ɗinsa. A Beljiyam ko Jamus, inda da yawa daga motocin nan suka yi ƙuruciyarsu, barni mai rauni zai iya jan shekaru. A nan yankin Adar, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 kuma mota ke wuni a fili, ba ya samun wannan sassauci. Duba motocin da ke tasha: rufi da bonet su ne ke fara yin fari-fari, daga nan su soma saɓulewa. Idan aka kai nan babu folish ɗin da zai yi magani, sai dai sabon feshi, wanda kuɗinsa ya ninka na gogewa sau da yawa.

Kada a ɗauka ina hana aikin ne ɗungurum. Yana da wurinsa. Motar da aka yi wa sabon feshi a gareji, inda ƙura ta faɗa cikin ɗanyen fenti, ko ya zubo, ko ya fito da gurzaje, ita ce asalin mai buƙatar samfefar ruwa, domin mai feshi na kirki yakan ƙara kaurin barni da niyyar za a goge, kuma yakan jira ya bushe sosai. Ƙarce mara zurfi a wuri guda ma ana iya rage shi. Gwajinsa mai sauƙi ne: ja farcenka a kai. Idan farce ya maƙale, ko ka hango fari ko toka-toka a gindin ramin, ya wuce barni, samfefa ba za ta ƙara maka komai ba sai ɓarna. Wanda ke ɓacewa idan an zuba ruwa ya dawo bayan ya bushe, wannan folish kaɗai yakan isar masa. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a fara da mafi sauƙi, a ɗan lungu, a ga abin da zai bayar.

Idan har za a yi, tsaya ka kalli minti goma na farko. Mai aikin da ya san hannunsa zai wanke motar tas, ya kai ta inuwa, ya jira ƙarfen ya huce. Samfefarsa mai laushi ce, lamba 2000 zuwa 3000, ba ya sauka ƙasa da 1500 sai da dalili. Zai manna tef a gefen ƙofofi da kan layukan jikin mota, domin fenti ya fi siranta a wuraren. Ruwan da ke gangarowa ya zama fari kamar tsarkin madara. Da ka ga ya ɗauki launin motar, ja ko shuɗi, ka ce a tsaya, an huda barni. Sai dai akwai tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da wasu fararen motocin aiki da fentinsu ba shi da barni tun asali, su kam launi zai fito ko da an yi daidai.

Babban abin gudu shi ne inji. Injin folish yana juyawa wajen sau 1000 zuwa 1800 a minti. Giranda ta masu walda, wadda wasu ke cire wa dutse su ɗaura mata soso, tana haura sau 10,000. Daƙiƙa kaɗan a wuri ɗaya sun isa ta ƙona fenti. Duk wanda ya fito maka da ita, karɓi makullinka cikin mutunci ka yi gaba.

Mai saye ma yana da nasa rabon gargaɗin. Akwai man shafawa da ke cike ƙarce na ɗan lokaci, mota ta yi ta walƙiya a wurin dillali, bayan wanki biyu ko uku aibin ya dawo. Kada ka yi ciniki da magariba ko ƙarƙashin fitila. Fito da ita tsakar rana, ka duba ta a karkace, ka kwatanta launin ƙofa da na kusa da ita. Nannaɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin ƙarfen: inda ya ƙi kamawa da kyau, wataƙila mastik ne aka danƙara kan wurin da ya taɓa lotsewa. Akwai kuma ƴar na'urar auna kaurin fenti da ke shiga aljihu. Ta nuna 300 ko fiye, an sake feshi. Ta nuna ƙasa da 80, wataƙila an riga an cinye barnin, kai za ka gaji saɓulewar. A ganina duk mai sayar da motoci da ke son a yarda da shi ya kamata ya ajiye ta a tebur.

Mafi yawan ƙarcen nan ma mu ke yin su da hannunmu. Da hunturu ƙura ta kwanta a mota, yaro ya zo da busasshen tsumma ya shafe, alhali ƙwayar rairayi ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. A fara kwara ruwa tukuna. Omo yana wanke kakin da ke kare fenti, ruwan rijiya kuma idan ya bushe a rana yakan bar tabo, musamman a ƙasa mai dutsen farar ƙasa irin ta Malbaza, dutsen da ya sa aka kafa masana'antar siminti a can tun shekarun 1960. Ƙurar siminti, daga tirela ta fito ko daga wurin gini, idan ta haɗu da raɓa ko yayyafi kamawa take yi, don haka a wanke ta tun ba ta kwana ba. Haka kashin tsuntsu ga masu ajiye mota gindin dogon yaro.

Sai yaran gareji, waɗanda su ne ke riƙe injin. Ruwa na malala a ƙasa, waya mai ɗauri da leda na kwance a ciki, yaro na tsaye babu takalmi. Maigida, inji mai aiki da lantarki ba ya son jiƙa: a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, a ɗaga waya sama, a sa takalmin roba. Ƙurar busasshen mastik da tsohon fenti tana cutar huhu, wasu tsofaffin launuka, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da dalma, sinadarin da ake haɗawa don barni ya daskare kuma sananne ne wajen jawo asma ga masu feshi. Rawani ko tsumma a hanci ba ya tare shi. Yaron da ya fara tari ko numfashinsa ke ƙara bayan feshi, a janye shi daga aikin a kai shi likita.