Tsohon Ramin Dalma Na Kabwe

Idan matafiyi ya tashi daga Lusaka, babban birnin ƙasar Zambiya, ya nufi arewa, bayan tafiyar wajen mil 85 zai iso wani gari mai suna Kabwe. A gefen garin zai ga wani baƙin tudu wanda ko ciyawa ba ta son tsirowa a kansa. Wannan tudu ba halitta ba ne. Tarin kashin dalma ne da aka yi ta zubarwa shekara da shekaru. Labarinsa mu ke so mu ba ku a wannan wata, gama akwai abin koyo a ciki domin kowane gida.

A shekarar 1902 wani Bature mai neman ma'adinai, T. G. Davey, ya ga alamar dalma a waɗansu ƙananan duwatsu a wurin. Ya sa wa wurin suna Broken Hill, watau sunan wani babban ramin dalma na ƙasar Ostireliya. A 1906 hanyar jirgin ƙasa ta iso, aiki ya kankama, gari ya kafu. Sai bayan Zambiya ta sami mulkin kai a 1964 aka sāke wa garin suna, ya zama Kabwe. An yi ta haƙa ana narkarwa har 1994, sa'ad da aka rufe ramin. A cikin wannan zamani an fitar da dalma wajen tan 800,000, da tutiya fiye da ninki biyu na wannan, da azurfa kuma kaɗan.

Dutsen da a ke samun dalma a cikinsa masana suna kiransa galena. Dalma ce haɗe da farar wuta. Yana da nauyi ƙwarai, launinsa toka-toka mai ƙyalli, in an fasa shi kuwa sai ya rabu gutsi-gutsi masu kusurwa huɗu kamar sukarin ƙwaya. Ɗan'uwansa sfalerait, dutsen tutiya, kusan kullum tare a ke samunsu. Can ƙarƙashin ƙasa waɗannan biyu su ne masu yawa. Amma kusa da bisa, inda ruwan sama da iska suka daɗe suna cinsu, sun rikiɗe sun zama waɗansu duwatsu dabam, farare da koraye da masu ruwan ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, tarbutait, a Kabwe aka fara ganinsa a duniya, aka sa masa sunan Percy Tarbutt, ɗaya daga cikin shugabannin aikin. Har yau gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasashe da yawa suna alfarma da duwatsun Kabwe.

A 1921 kuma masu haƙa suka faɗa cikin wani kogo cike da ƙasusuwa, suka tsinci ƙoƙon kan wani mutum na zamanin dā can. Masana sun kimanta shekarunsa wajen 300,000. Aka kai shi Landan, yana can har yanzu, mutanen Zambiya kuwa suna neman a mayar musu da shi.

To, ramin ya rufe, amma dalma ba ta ruɓewa kamar ganye ko itace. Hayaƙin da murhun narkarwa ya yi ta fitarwa ya sauka a gonaki da tsakar gidaje. In rani ya yi, iska tana kwaso ƙura daga baƙin tudun nan ta watsa cikin unguwanni. Yaro kuwa a ƙasa ya ke wasa, hannunsa ba ya rabuwa da baki. Likitocin da suka gwada jinin yaran unguwannin da ke kusa sun tarar da dalma mai yawa a jikin dubbai. Dalma tana hana ƙwaƙwalwa girma, tana rage jini, in ta yi yawa sai farfaɗiya, har mutuwa. Mu malaman makaranta mun san baƙin cikin yaron da ke ƙoƙari amma karatu ya ƙi zama. Duk da haka rashin aikin yi yana sa samari su hau tudun suna tonon abin sayarwa.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A 2010, a ƙauyukan Zamfara kamar Bagega da Dareta, an riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ashe akwai dalma a cikinsa. Yara wajen 400 suka rasu. Ban da haka, dutsen tozali mai ƙyalli da iyayenmu mata ke niƙawa, sau da yawa galenan nan ne.

Saboda haka, iyaye, kada mu yarda a daka ko a niƙa dutsen ma'adinai inda a ke girki ko inda yara ke wasa. Mai aikin haƙa ya yi wanka, ya sāke tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a kuma daina sa wa jarirai tozalin dutse. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.