Da mi ake auna aikin mai binciken magani?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in ana son sanin ƙoƙarin manomi, sai a ƙidaya dammansa na hatsi. Makiyayi kuma a dubi garkensa. To, malamin da ke binciken cuta da magani fa?

Ga yadda abin yake. In ya gano wani abu, sai ya rubuta shi cikin jaridar masana. Kafin a buga, wasu malamai su duba ko da kure. Duk wanda ya yi amfani da aikin, tilas ya ambaci mai shi cikin tashi takarda. Wannan ambato shi ake ƙidayawa. A 1964 wani Ba'amurke, Yujin Garfil, ya fara fid da kundin ƙidayar. Yau ana duba ta wajen ba da aiki, ƙarin girma da kuɗin bincike.

A 1951 malam Oliba Lawri na Amurka da abokan aikinsa 3 sunka rubuta dabarar auna furotin, watau abin nan mai gina jiki da ke cikin nama, nono da wake. Da anka yi lissafi a 2014, an ambaci takardarsu fiye da sau dubu 300. Babu wadda ta kai ta. Dalili? Kamar tiya ce a kasuwa, kowa zai yi awo sai ya ɗauke ta.

Amma ƙidaya ba ta ganin kowa. A ƙasar Sin, a 1969, an ɗora ma wata mace, Tu Yuyu, aikin neman maganin masassarar sauro. Ita da mutanenta sunka tara magungunan gargajiya fiye da dubu 2. Cikin wani littafi mai shekara wajen 1600 ta karanta cewa wani haki, dangin tazargade, jiƙa shi ake yi a matse. Sai ta gane tafasawa ke kashe ƙarfinsa. A 1971 ta tatso maganin ba da zafin wuta ba. A 1972 ta sha shi da kanta kafin a ba marasa lahiya.

Da anka buga aikin a 1977, ba a sa sunan kowa ba, sai na ƙungiya. Shekara da shekaru masu ƙidaya ba su san da ita ba. Sai a 2015 ta samu babbar kyautar Nobel, tana da shekara 84. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Daga aikinta anka samu artemisinin, wanda ke cikin ƙwayoyin masassara da ake ba mu gidan likita. Ya ceci miliyoyin rayuka, amma wannan ba ya shiga kundin ambato.

Sai dai a kula: jiƙon haki na gida ba ya maye gurbin ƙwayar da anka auna. In jikin yaro ya yi zafi cikin damina, a kai shi likita ran nan, kuma ya shanye maganin kwana 3 cur.