Hanyoyin jirgin ƙasa da fasinja ba ya ganin komai ta taga

Duk wanda ya saba hawa jirgin ƙasa ya san yadda ake rububin kujerar bakin taga. Daga nan ne ake kallon gonaki da ƙauyuka da koguna suna wucewa, har tafiya ta ƙare mutum bai gaji ba.

Sai dai akwai hanyoyin da kujerar taga ba ta da wani amfani a cikinsu. A wasu, abin da fasinja zai gani a gilashi shi ne fuskarsa da hasken fitilun tarago. A wasu kuma fili ne fetal, babu tsauni babu bishiya, tun safe har faɗuwar rana.

Yawancin waɗannan hanyoyi suna cikin mafi tsada da aka taɓa ginawa a duniya, kuma wasu daga cikinsu sun ratsa ƙarƙashin wuraren da masu yawon buɗe ido ke biyan maƙudan kuɗi domin su gani.

Me ya sa ake binne layin dogo?

Ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce, kuma a kan ƙarfe take gudu. Wannan ne ya sa inji ɗaya ke iya jan kaya masu nauyin gaske a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma da zarar hanya ta yi tudu sosai sai ƙafafun su fara sulɓi. Haka kuma jirgin da ke gudun kilomita 250 zuwa 300 a sa'a ba ya iya shan kwana mai tsanani.

Injiniyoyin da suka shimfiɗa layukan farko sun riƙa bin kwari da gefen koguna, suna zagaye tsaunuka a hankali. Na yanzu kuwa miƙaƙƙiyar hanya suke nema. Idan tsauni ko teku ya tare gaba, sai a huda a wuce ta ƙasa.

Gotthard: minti 20 a cikin tsauni

Ƙasar Suwizalan ta yi suna wajen kyawun tsaunukan Alps, kuma tsohon layin Gotthard da aka buɗe a 1882 na cikin hanyoyin da aka fi yabawa a Turai. Jirgi kan hau tsaunin ne yana kewayawa kamar dodon-koɗi, har fasinja kan ga cocin ƙauyen Wassen sau uku daga kusurwa daban-daban kafin ya wuce.

A ranar 1 ga Yunin 2016 aka buɗe sabon ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57, wanda shi ne ramin jirgin ƙasa mafi tsawo a duniya. Ya tashi daga Erstfeld a arewa ya ɓulla Bodio a kudu. An shafe shekara 17 ana aikinsa, an kashe fiye da franc biliyan 12 na kuɗin ƙasar, an kuma fitar da duwatsu kimanin tan miliyan 28. Ma'aikata tara ne suka rasa rayukansu.

A wani wurin, dutsen da ke saman jirgin ya kai kaurin mita 2,300, zafin dutsen kuma kan haura digiri 40, abin da ya sa dole a riƙa hura iska ba dare ba rana. Jirgin fasinja kan ratsa ramin cikin kusan minti 20, kuma babu abin da ake gani sai bangon siminti.

Babban dalilin aikin shi ne manyan motocin dakon kaya da ke zirga-zirga tsakanin Jamus da Italiya, waɗanda hayaƙinsu da ƙararsu suka addabi mazauna kwarurukan Alps. 'Yan ƙasar sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da aikin a 1992, sannan a 1994 suka amince a mayar da dakon kaya daga titin mota zuwa layin dogo. Tsohon layin kan hau sama da mita 1,100, sabon kuwa bai wuce mita 550 ba, don haka jiragen kaya masu nauyi suna wucewa ba tare da ƙarin inji ba.

A watan Agustan 2023 ƙafar wani taragon kaya ta karye a cikin ramin, jirgin ya sauka daga kan layi ya lalata kilomitoci na hanyar. Sai da aka kai Satumban 2024 kafin komai ya daidaita. A tsawon wannan lokaci an mayar da yawancin jiragen fasinja tsohuwar hanya. Matafiya sun sake ganin cocin Wassen, amma tafiyarsu ta ƙaru da kusan sa'a guda.

Bologna zuwa Florence: kilomita biyar kacal a sarari

Idan ana maganar kason hanyar da ke cikin duhu, da wuya a samu wadda ta kai layin jirgi mai gudun tsiya da ya haɗa biranen Bologna da Florence a Italiya. Tsawonsa kilomita 78 da rabi ne, kuma sama da 73 daga ciki a ƙarƙashin tsaunukan Apennine suke.

An buɗe shi a Disamban 2009, ya rage tafiyar da a da ke cin kusan sa'a guda zuwa minti 37. Yankin Tuscany da jirgin ke shiga ya shahara da tuddai da gonakin zaitun, amma fasinja ba ya ganinsu sai na 'yan daƙiƙoƙi, tsakanin fita daga wannan rami da faɗawa wancan. Hatta tashar da waɗannan jirage ke tsayawa a Bologna a ƙarƙashin ƙasa take.

Mazauna yankin Mugello, wanda layin ya bi ta ƙarƙashinsa, su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Haƙar ramukan ta huda jijiyoyin ruwan ƙarƙashin ƙasa, maɓuɓɓugai da rijiyoyi da ƙoramu da dama suka ƙafe, lamarin da ya kai ga doguwar shari'a a kotu.

Tsakanin Ingila da Faransa: teku ba tare da ganin ruwa ba

Masu hawa jirgin Eurostar a karon farko wani lokaci kan ɗauka za su ga ruwa ko kifi idan aka shiga ƙarƙashin teku. Ba haka abin yake ba. An haƙa ramin ne a cikin dutsen alli da ke ƙasan tekun, kuma wuri mafi zurfi ya kai mita 75 ƙasa da saman ruwa.

Tsawon ramin ya ɗan haura kilomita 50, daga Folkestone a Ingila zuwa Coquelles kusa da Calais a Faransa, kuma kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin teku suke. Babu wani ramin jirgin ƙasa a duniya da ya kai shi nisa a ƙarƙashin ruwa. Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand ne suka buɗe shi a ranar 6 ga Mayun 1994.

A zahiri ramuka uku ne: biyu na jirage, ɗaya kuma a tsakiya domin gyara da ceton mutane. Na tsakiyar ya yi ranarsa lokacin gobarar da aka yi a 1996 da ta 2008.

Minti 20 ɗin da ake yi a ciki kan wuce ba a ankara ba, matuƙar komai na tafiya daidai. A Disamban 2009 jirage biyar sun mutu a cikin ramin, bayan ƙanƙarar da suka kwaso a Faransa ta narke da ɗumin ciki ta shiga na'urorinsu na lantarki. Fasinjoji sama da 2,000 ne suka maƙale na tsawon sa'o'i.

Akwai kuma waɗanda duhun ramin nan ya zame musu abin fata. A 2015 'yan ci-rani da dama sun mutu a ƙoƙarin laɓewa cikin jiragen da ke ɗaukar manyan motoci zuwa Birtaniya. A watan Agustan shekarar wani ɗan Sudan ya taka kusan ilahirin ramin da ƙafa, jirage na wucewa ta gefensa, kafin a kama shi dab da mafitar Ingila. Daga baya an ba shi mafaka.

Seikan: ramin da wani bala'i ya haifar

A Japan, mashigin ruwan Tsugaru ne ya raba babban tsibirin Honshu da na Hokkaido. A da jiragen ruwa ne ke fito da mutane. A watan Satumban 1954 wata mahaukaciyar guguwa ta kifar da jirgin fito mai suna Toya Maru, mutum sama da 1,100 suka halaka. Wannan ya ƙara wa kiraye-kirayen a haƙa hanya ta ƙarƙashin ruwa ƙarfi.

Aikin ya ɗauki shekaru masu yawa saboda ruwa ya sha ɓallewa cikin ramin, kuma ma'aikata 34 ne suka mutu. An buɗe shi a Maris ɗin 1988 da tsawon kusan kilomita 54, kilomita 23 daga ciki a ƙarƙashin teku, a zurfin da ya kai mita 240. Har yau manyan injina ne ke zuƙe ruwan da ke tsattsafowa ciki.

Kafin a kammala shi zamani ya riga ya sauya, domin akasarin masu zuwa Sapporo daga Tokyo sun koma jirgin sama. Tun 2016 jiragen Shinkansen masu gudu ke bi ta ciki, amma dole su rage gudu saboda layi ɗaya suke amfani da shi da jiragen kaya.

Nullarbor: fili fetal, hanya ɗoɗar

Ba duka hanyoyin da babu abin kallo ne ke cikin rami ba. A kudancin Ostireliya akwai filin Nullarbor, sunan da aka samo daga kalmomin Latin masu nufin babu bishiya. Shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ne wanda ruwan sama ke zurarewa cikinsa, don haka ba abin da ke tsirowa sai gajerun ciyayi.

A nan ne layin dogo mafi miƙewa a duniya yake: kilomita 478 babu kwana ko ɗaya. Nisan ya ninka layin Abuja zuwa Kaduna fiye da sau biyu da rabi.

An kammala layin a 1917, domin cika alƙawarin haɗa yammacin ƙasar da gabashinta. Raƙuma ne suka taimaka wajen dakon kayan aikin, kuma saboda babu kogi a hanyar, jiragen farko masu amfani da tururi sai sun yi guzurin ruwansu. Ƙananan matsugunan ma'aikata da ke bakin layin sun dogara ne da wani jirgi da ake yi wa laƙabi da Shayi da Sukari, wanda ke kai musu abinci da kayan masarufi har zuwa 1996.

Garin Cook da ke tsakiyar filin ya taɓa samun makaranta da asibiti. Yanzu mutanen da suka rage a cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma jirage kan tsaya ne kawai su sha mai da ruwa, a sauya direbobi.

Duk da haka, abincin wani gubar wani. Jirgin Indian Pacific da ke tafiyar kilomita 4,352 tsakanin Sydney da Perth na masu yawon shaƙatawa ne, kuma da yawansu wannan fili da babu komai a cikinsa ne ke kawo su.

Abin da ke tafe

Alamu na nuna cewa irin waɗannan hanyoyi ƙaruwa za su yi. Japan na gina sabon layi tsakanin Tokyo da Nagoya, na jirgin da ke shawagi a saman layi da ƙarfin maganaɗisu, wanda ya kafa tarihin gudun kilomita 603 a sa'a lokacin gwaji a 2015. Ana sa ran zai yi tafiyar kilomita 286 cikin minti 40, amma kusan kashi 86 cikin 100 na hanyar a cikin rami za ta kasance. Masu bin layin da ake da shi yanzu sukan hango tsaunin Fuji idan gari ya yi garau.

An so buɗe layin a 2027, amma aka ɗage. Babban abin da ya kawo tsaikon shi ne turjiyar lardin Shizuoka, wanda ya nuna fargabar cewa haƙa rami a tsaunukansa zai rage ruwan kogin Oi da manoma da garuruwa suka dogara da shi. Irin abin da ya faru a Mugello ke nan ake gudu.

Ko a inda layi ke sarari, dogayen katangun da ake kafawa domin kare mazauna gari daga ƙarar jirgi sukan rufe wa fasinja gani.

Ga mai zuwa aiki kullum, ko ɗan kasuwar da kayansa ke kan hanya, minti 30 da aka rage masa ya fi masa kallon tsauni, kuma wayar da ke hannunsa ta riga ta ɗauke masa hankali daga taga. Ga mazauna kwarin da manyan motoci suka ragu a titinsu ma riba ce.

Suwizalan dai ba ta rufe tsohon layin Gotthard ba. Jiragen yankin na bin sa har yanzu, akwai kuma na musamman mai manyan tagogi da ake tanadar wa masu yawon buɗe ido a lokacin bazara. Mai sauri ya bi ta cikin dutse ya isa Lugano daga Zurich cikin ƙasa da sa'a biyu. Mai son ganin cocin Wassen sau uku kuwa sai ya ware wa tafiyar lokaci, ya hau jirgin da ke bi ta sama.