Yadda Samarin Arewa Ke Neman Na Kansu A Birnin Ikko

Tun kafin ladan ya yi kiran sallar asuba, kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar Ikorodu a birnin Ikko ta riga ta tashi. Manyan motocin da suka kwana a hanya daga Kano da Zariya da Jos sun jeru, waɗansu da kwandunan tumatir da tattasai da attarugu, waɗansu kuwa da buhunan albasa daga Aliero da Sakkwato. A gindin kowace mota akwai samari tsaye, kowa da gammonsa a hannu, suna jira a kwance igiya. Galibinsu 'yan shekara ashirin ne da 'yan kai. Su ne 'yan dako, waɗanda Yarabawa ke kira alabaru, kuma a bisa kawunansu ne kayan miyar mutanen Ikko ke fita daga kasuwa.

Zuwan Bahaushe Kurmi neman kuɗi ba yau aka fara ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911 fatauci ya daɗa ƙarfi, shanu suna gangarowa, goro yana haurawa, har Hausawa suka yi kaka-gida a Agege, daga baya kuma ga Obalende da Idi-Araba. Amma ɗan ci-rani na da, da an gama kaka yake fitowa, da ya ji an yi ruwan shuka kuwa sai ya ɗaure kayansa. Na yanzu ba haka yake ba. Wani gonar gadon ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, wani takin zamani ya fi ƙarfinsa, wani kuwa daga ƙauyukan Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato ya fito, inda 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona. Saboda haka wanda ya ce wa mahaifiyarsa wata huɗu zai yi, sai ya wayi gari ya shekara uku.

Saurayi yakan iso ne a bisa kayan babbar mota, ya sha rana ya sha raɓa tafiyar kilomita wajen 1,000, ba shi da komai sai 'yar jaka da lambar wayar wani ɗan garinsu. Wannan lamba ita ce jarinsa na farko, domin a kasuwa ba a ba baƙo kaya haka kawai. Tilas ne wani ya tsaya masa, ya kai shi wurin dillali ko mai rumfa ya ce wannan yaron gidan wane ne, in kaya suka salwanta a hannunsa a neme ni. Kowane gari da inda mutanensa ke taruwa, kuma nan ne sabon zuwa zai koyi abin da ya kamata ya sani: nawa ake ɗaukar kwando zuwa bakin titi, wace mai saye ce ke biya ba gardama, wane ɗan tasha ne ba a ja da shi. Yawancin masu sayen kayan matan Yarabawa ne, shi ya sa yaro kan iya ƙirgan kuɗi da Yarabanci tun bai iya gaisuwa ba.

Aikin ba shi da albashi, watau abin da ka ɗauka shi za ka ci. Daga asuba zuwa hantsi ne ake samun na kirki. In rana ta take sai kasuwa ta lafa, a karya da koko da ƙosai ko shayi da burodi, mai ɗan hali ya sayi garau-garau, wanda ya daɗe kuwa ya riga ya saba da teba da amala.

Babbar wahalar Ikko ga irin waɗannan samari ita ce makwanci. Masu gidaje kan nemi kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, ban da na dillalin gida, abin da ɗan dako ba ya ko mafarkinsa. Sai a kwana a barandar shago, ko bisa benci, ko harabar masallaci, waɗanda suka fi dama-dama kuwa su haɗu su da yawa su kama ɗaki ɗaya. A gida ruwan wanka ba abin lissafi ba ne, amma a nan wanka da kuɗinsa, kewaye da kuɗinsa, cajin waya da kuɗinsa, har ajiyar jaka ma akan biya. Ga ruwan Ikko, wanda kan sauko tun arewa na fama da zafin bazara, ya kai watan Yuni yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Wanda ke kwana a baranda, daren da aka yi ruwa a tsaye yake kwana, gari na wayewa kuma kwando na jiransa.

Duk da haka ana tarawa. Akwai adashi tsakanin 'yan gari ɗaya, akwai kuma mai POS, wanda ya maye gurbin lalita da direban da a da ake ba saƙo ya kai gida. Kuɗin da aka tura ba na shagali ba ne: na hatsi ne, da maganin tsoho, da taki, abin da ya rage kuma a ajiye wa kayan lefe. A farkon 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun Naira saboda canjin kuɗi, waɗannan samari na cikin waɗanda suka fi jin jiki, don kuwa mai ba da ladan dako ba ta da tsaba a hannu, shi kuma yaron sau da yawa ba shi da asusun banki.

A da, burin ɗan dako shi ne ya samu babur ya koma acaba, wanda mutanen Kudu ke kira okada. Wannan ƙofa ta yi ta tsukewa. A 2012 Gwamnatin Jihar Legas ta hana babura bin manyan hanyoyi 475. Ran 1 ga watan Yuni, 2022, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya hana acaba ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, sa'an nan a watan Satumba na shekarar aka ƙara huɗu, ciki har da Mushin da Kosofe inda kasuwar Mile 12 take. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Gwamnati ta kafa hujja da yawan haɗari da aikata laifi, kuma lalle ba za a ce hujjar ba ta da tushe ba. Amma yaron da ya karɓi babur bashi yana biya duk mako, an murƙushe babur bashi kuwa yana nan daram. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, ta kai kusan 1,000 a ƙarshen 2024, sai waɗanda suka koma bayan gari da baburansu su ma riba ta ƙaranta. Da yawa suka dawo dako, waɗansu suka shiga jari-bola, ko tura kurar ruwa, ko gadi, ko wankin takalmi. Hannaye suka yi yawa a gindin mota ɗaya.

Akwai kuma maganar suna. A Ikko duk wanda ya fito daga arewa sunansa aboki, ko Bahaushe ne ko Babarbare ko Bazabarme daga Nijar. Kalma ce mai daɗi a bakin masu ita, amma a titi wani lokaci da raini ake faɗinta, kuma laifin mutum ɗaya kan shafi kowa. Ba a manta da watan Maris na 2016 ba, sa'ad da rigimar da ta faro daga wani ɗan acaba ta zama faɗan ƙabilanci a kewayen Mile 12, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje, Gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci. Shi ya sa dattawan kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwanni ba sa gajiya da jan kunnen yara cewa in an tsokane su su kai ƙara, kada su rama. A zaman yau da kullum kuwa ana cuɗanya lafiya, ana bin liman ɗaya ran Juma'a, har akan sami mai saye da ta riƙe ɗan dako guda shekara da shekaru, in ba shi ba ba mai taɓa mata kaya.

Abin da ɗan dako ya fi tsoro shi ne ciwo. Ranar da baya ya ƙage ko zazzaɓin sauro ya kwantar da shi, ba kuɗin abinci balle na asibiti, sai abin da 'yan garinsu suka haɗa masa. Daga nan ne waɗansu ke faɗawa shan ƙwayoyin kashe gajiya irin su tramadol, su ɗauki kayan mutum biyu yau, bayan 'yan shekaru su kasa ɗaukar na rabin mutum.

Bayan sallar lisha akan taru a teburin mai shayi, wani na sauraron labaran gida a rediyon waya, wani na kallon ƙwallo, wani ya ja gefe ya kira gida. Tambayar da ke jiransa ba ta sakewa: yaushe zai zo, ga iyayen yarinya sun fara magana. Amsar da aka saba bayarwa ita ce bayan Sallah in Allah ya yarda. Kafin ya shimfiɗa kwali, motocin farko na gobe sun wuce Ibadan.